Zangon Gargaɗi

Ɗakin da aka tara su ƙarami ne, a ƙarshen barandar ofishin tallafin karatu, kuma fanka ɗaya ce ke aiki a cikinsa. Duk wanda ya shigo sai ya sunkuyar da kai ya nemi kujerar baya, domin kowa ya san abin da ya kawo ɗan'uwansa: an sanar da su cewa tallafin da ke biya musu kuɗin kwaleji yana gab da yankewa.

Auta ce kaɗai ta zauna a layin gaba. Ɗaliba ce a sashen harhaɗa magunguna, kuma ita ce ta farko a gidansu da ta taɓa kaiwa nan. Tana zaune tana murza biro a hannu lokacin da wani dogon saurayi ya leƙo, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai shirin juyawa. Jami'ar tallafin ta dube shi ta saman tabarau, ta nuna masa kujerar da ke kusa da Auta. Ya zauna a ɗosane. Idonsu ya haɗu, kowa ya yi saurin kawar da kai.

Jami'ar ba ta ja magana ba. Ta ce sharuɗɗa uku ne: kada makin ɗalibi ya sauka ƙasa da iyakar da aka sa, dole ya kammala aƙalla kashi biyu cikin uku na kwasa-kwasan da ya yi wa rajista, kuma kada ya daɗe a makaranta har ya wuce wa'adi. An ba su zango ɗaya su gyara. Wanda bai gyara ba, tallafi ya tsaya.

Da aka fito, saurayin ya biyo Auta yana tambayar wanne ne ya kama ta a cikin ukun. Ta ce maki. Ba ta taɓa barin kwas ba, amma lissafin awon magani ya ja ta ƙasa. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce nasa makin ko jami'ar sai da ta yaba. Matsalarsa ita ce duk kwas ɗin da ya ga gwajin farko bai yi masa kyau ba, sai ya janye tun kafin a rubuta masa faɗuwa. Ya fara da injiniya, ya koma akanta, wato lissafin kuɗi, yanzu yana safiyo, awon ƙasa. Shi ya sa abokansa ke ce masa Baƙo.

"Wato ke kina gamawa ba kya ci, ni ina ci ba na gamawa," in ji shi. "Da za a haɗa mu, da an samu ɗalibi guda mai kyau."

Auta ta harare shi, amma murmushi ya riga ya kufce mata.

A ɗakin karatu suka ƙulla yarjejeniya. Shi zai zauna da ita a kan lissafi, ita kuma za ta tabbatar yana shiga aji. Baƙo ya iya koyarwa, ba ya gajiya da maimaici, kuma in ta yi kuskure sai ya tambaye ta ko mara lafiyar nan ya yi mata laifi ne da za ta ninka masa magani. Ita kuwa ba ta da wasa. Ranar da ya ce kansa na ciwo, ta sa hannu a jaka ta miƙa masa ƙwaya biyu da ruwa, ta raka shi har ƙofar aji.

Ba su san lokacin da hira ta wuce lissafi ba. Ya koma kiranta Malamata, duk da shi ke koyar da ita. Wata safiya saƙonsa ya shigo wayarta:

"Malamata, na shiga aji, har na zauna a gaba. Malamin ya tambaye ni ko ɓatan hanya na yi. Ban gaya masa cewa akwai wadda nake jin kunyar ta ji na gudu ba. Ina son ki. Wannan kwas ɗin kam ba zan janye ba."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta:

"Ka bari sai ƙarshen zango mu ga sakamako. Amma dai na karɓi rajistarka."

Mahaifin Auta mai yin kujerun kushin ne. Shagonsa na jikin gidan, cike da soso da yadi da ƙamshin gam. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa mayar wa mai aiki kujera da ƙusa ɗaya a sake ba. Yayan Auta ne ya kai masa labarin Baƙo, har da sassan da ya bari. Don haka ranar da Baƙo ya zo gaisuwa, Baba bai ajiye guduma ba. Ya bar shi a durƙushe ya gama gaisuwarsa, sannan ya ce:

"Yaro, ba ni da komai da kai. Amma wanda ya bar sashe biyu don sun yi masa wuya, ban ga abin da zai hana shi barin 'yata ranar da ta yi masa wuya ba. Kuma ita ma tallafinta na lilo. Kada ka ƙara zuwa, kada ku ƙara zama tare, sai an ga ƙarshen zangon nan."

Baƙo ya ce ya ji. Iyakar abin da ya roƙa shi ne a bar masa saƙo ɗaya kowace safiya. Baba ya ɗaga kafaɗa, ya ci gaba da bugun ƙusa.

Mama kuwa tana da nata ɗan takarar: ɗan aminiyarta, mai kantin magani a babban titi, wanda unguwa ke kira Mai Kemis. Mutumin kirki ne, ba ya zuwa hannu rabbana. Ya sha gaya wa Auta cewa ta daina wahalar da kanta a kan sharuɗɗan tallafi. In sun yi aure kantinsa nata ne, ta tsaya a bayan teburin kantin ta sayar da magani, ba wanda zai tambaye ta takardar shaida. Mama ta ce wannan ai sauƙi ne Allah ya kawo har gida. Auta ba ta musa ba, ta dai ɗauki littafinta ta shige ɗaki.

Saƙon safiya bai taɓa fashi ba. "Na shiga aji, Malamata." Ita kuma ta amsa, "Ni ma." Da misalan da ya bar mata take ta fama ita kaɗai, tana yi tana gogewa, har gwaji na biyu ya fito ta ga ta haye da ƙyar.

Sai ranar ƙarshe ta janye kwas ta zo. A safiyar nan saƙo bai shigo ba. Auta ta bi ta gaban ofishin rajista za ta aji, sai ta hango shi a layin tagar masu janyewa, kansa a ƙasa. Ta san gwajin kwas ɗin zanen taswira ya ba shi kashi a makon. Ta wuce bayan ginin ta rubuta:

"Na gan ka a layi. Ashe Baba ya fi ni sanin ka. Kada ka ƙara turo mini saƙo."

Ta toshe lambarsa. Da yamma Mai Kemis ya zo, ta fito ta zauna da shi a falo, abin da ba ta taɓa yi da son ranta ba. Mama har da ƙara masa shayi. Amma da ya sake kawo zancen barin makaranta, Auta ta dakatar da shi. Ta gaya masa cikin ladabi cewa ba kanti take nema ba, so take ranar da ta miƙa wa mutum magani ta san abin da ta miƙa masa. Ta ce ko tallafi ya yanke za ta sake nema, kuma bai kamata ta bar shi yana jiran abin da ba zai samu ba. Ya yi mata fatan alheri, ya tafi. Mama ta kwana biyu ba ta amsa mata gaisuwa da kyau ba.

A mako na gaba, tana ratsa filin bayan kwaleji da rana tsaka, ta ga 'yan ajin taswira sun baje kayan awo. A tsakiyarsu ga Baƙo, ya sunkuya a kan na'urar nan mai ƙafa uku, rigarsa sharkaf da gumi. Ta tsaya cak. Da ya ɗago ya gan ta, ya ba abokinsa na'urar ya tako.

"Ba ka janye ba?" ta tambaya.

"Na je in janye, ba zan ɓoye miki ba. Na bi layi har na kai taga. Matar ta ce me nake so, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ina ne banɗaki."

Dariya ta zo mata tare da hawaye. Ya ce kunya ce ta hana shi turo saƙo a safiyar, domin ba zai rubuta mata ya shiga aji alhali yana layi ba. Ya ce wataƙila ya faɗi kwas ɗin, amma wannan karon a cikin aji zai faɗi. Ta ba shi haƙuri, ta buɗe lambarsa da ta toshe. Ya ce ta tafi kafin yayanta ya gan su, alkawarin Baba na nan.

Sakamako ya fito a ƙarshen zango. Auta ta tsallake iyakar da ɗan kaɗan, tallafinta ya tsira. Baƙo ya ci dukkan kwasa-kwasansa, har da taswira, da maki mafi ƙanƙanta da ya taɓa samu. Sai dai waɗanda ya janye a baya sun yi yawa, zango ɗaya bai isa ya kai shi kashi biyu cikin uku ba. Aka dakatar da tallafinsa. Ya nemi kwamitin tallafi ya sake duba lamarinsa, jami'ar ta gaya masa gaskiya: kwamiti na sauraron rashin lafiya ko rasuwa, shi kuwa ba shi da ko ɗaya, kuma ta ji daɗi da bai ƙirƙiro ba. Hanya ɗaya ta rage, ya ɗauki nauyin zango guda da kansa, in ya cike gurbin a mayar masa.

Bai bari labarin ya riga shi zuwa ba. Ya je shagon Baba ya durƙusa, ya faɗi komai. Baba ya saurara yana jan yadi a kan wata doguwar kujera.

"To yanzu wane sashen za ka koma?"

"Ba inda za ni, Baba. A nan zan gama."

Baba ya dube shi. Sannan ya ce ya tashi ya riƙe masa ɗaya bakin yadin, ya ja da ƙarfi, kada ya saki sai an ce ya saki. Haka ya riƙe har aka gama kujerar.

Baƙo ya samu aiki wurin wani mai safiyo, yana riƙe sandar awo a filayen gini tun safe, da yamma ya shiga aji da ƙura a takalmi. Ya rame, ya yi baƙi. Mahaifiyarsa ta ce ya huta zango ɗaya, ya ƙi. Auta ta shiga shekararta ta ƙarshe, kuma lissafin bai zama abokinta ba, amma ta daina jin tsoronsa. Baba bai ce ya janye sharaɗinsa ba, sai dai in Baƙo ya kwana biyu bai leƙo shago ba, yakan tambayi Auta ko dogon nan lafiya.

Ranar da aka mayar masa da tallafi, saƙonsa ya same ta a asibitin da take koyon aiki:

"Malamata, an mayar. Jami'ar ta cire tabarau ta yi mini murmushi, ashe tana da haƙora. Yau zan gaya wa su kawu su shirya zuwa wurin Baba. In kina da ja, ki faɗa yanzu."

Ta amsa: "Ba ni da ja, rabin raina. Ka dai aske gashin nan kafin su zo."

Bayan ta karɓi takardar shaidarta aka ɗaura auren, shi kuma saura masa zango ɗaya ya gama. Jama'a sun cika gida har shagon Baba, aka fitar da kujerun mutane da ba a kai musu ba aka zauna a kai. Mai Kemis ma ya zo, ya yi wa ango murna.

Da za a tafi da amarya, Mama, wadda ta fi kowa jan ƙafa a kan auren, ta kira Baƙo gefe. Idonta ya yi ja. Ta ce ita ce autarta, ba ta taɓa kwana nesa da ita ba, ya riƙe mata ita da amana.

Baƙo ya durƙusa har ƙasa. "Mama, gaskiya ita ta fara riƙe ni. Amma na koya, zan yi nawa."

Mama ta yi dariya tana share ido da gefen mayafi. Baba ya matso ya dafa kan 'yarsa, ya dafa kafaɗar surukinsa, ya roƙa musu zaman lafiya da haƙuri da juna, da zuri'a mai albarka, da ilimi mai amfani. Gida ya amsa da amin. Auta ta ɗago daga cikin lulluɓi ta saci kallon mijinta, ta tarar shi ma ita yake kallo.