Baƙuwar da Ke Cikin Dutsen Teku

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Baban Kifi ya ɗaga 'yar kwalbar gwajinsa saitin taga, ya ƙura mata ido. Ruwan da ke ciki fari ne tas. A ƙa'ida, idan akwai fosfet, sinadarin da ke ciyar da gansakuka, a ruwan tanki, ana ɗiga maganin gwaji sai ya rine ya koma shuɗi. To ga shi bai rine ba, amma gansakuka ta cika tankin, koriya shar, dogon gashinta yana rausaya a kan duwatsu, har ta fara shaƙe murjanin, tsiron nan na teku mai kama da dutse, da ya yi shekaru yana reno.

Ba shi ya raɗa wa kansa wannan suna ba, 'yan layinsu ne suka laƙa masa, kuma ya bi shi. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti ne, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana leƙen jinin mutane ba tare da ya san fuskokinsu ba. Da ya yi ritaya sai ya kafa tankin gilashi a falo, ya cika shi da ruwan gishiri, ya sayo duwatsun da aka ciro daga teku da ɗanyen ransu, ya zuba kifaye masu launi. Da matarsa ta rasu kuwa, sai ya tare a gaban tankin gaba ɗaya. Manyan 'ya'yansa sun watse garuruwa da iyalansu. Auta kaɗai ta rage masa, budurwa mai shiru, ta gama karatu tana jiran aiki. Gida ɗaya suke kwana, amma hirarsu ba ta wuce ina kwana da ga abinci nan. Yana sonta har cikin ransa, bakinsa ne dai bai taɓa koyon faɗa ba.

Babu abin da bai yi wa gansakukar nan ba. Ya canja ruwa, ya sabunta matata, ya zuba jan garin nan mai tsotse fosfet, ya ƙaro katantanwa masu kiwo, ya bi duwatsun da tsohon buroshin haƙori. Yau ya kankare, jibi ta dawo fiye da da. Da abin ya ishe shi ya kira mai shagon kifi a waya.

"Kwalbarka ba ƙarya take ba," in ji mai shagon. "Gansakukar ce ke cinye fosfet ɗin kafin gwaji ya gan shi. Akwai abin da ke ciyar da ita. Anya ba ka cika musu abinci ba?"

Baban Kifi ya ji haushin tambayar. Shi da ke auna abincin kifi da ɗan cokalin awon magani, har ya share bakinsa da yatsa?

"To yi mata duhu," in ji mai shagon. "Kashe fitila, ka lulluɓe tankin na 'yan kwanaki, kada haske ya shiga, kada a ba su komai. Za ta mutu da kanta."

Wannan yammacin ya ɗauko tsohon bargo mai kauri, ya rufe tankin ruf, ya ɗaure da igiya. Falon ya yi duhu nan take, don shuɗin hasken tankin nan shi ne fitilarsu tun rasuwar matar gidan. Ya waiga ya ga Auta tsaye a bakin ƙofar kicin, da ludayi a hannu.

"Kada a ɗaga, kada a ba su abinci," ya ce.

"Har yaushe, Baba?"

Bai taɓa jin ta tambayi wani abu game da tankin ba. Ya ce har sai ya ga hali, ya ɗauki hularsa ya tafi masallaci. Al'adarsa ce in ya fita magariba ba ya dawowa sai an yi isha'i.

Da ya dawo, yana sa ƙafa a falo wani abu ya faɗo gabansa, ya gangara ƙarƙashin kujera. Ya sunkuya ya lalubo. Farar tsakuwa ce irin ta ƙasan tankinsa, a jiƙe, da sanyi. Ya duba bargon, igiyar tana nan yadda ya ɗaure ta. Yana tsaye wata ta sake faɗowa, sai wata, a hankali, ba da ƙarfi ba, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin kunya. Daga ƙarƙashin bargon kuma, ban da gurnanin famfo, ya ji wata murya ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ke magana da bakinsa a cikin ruwa.

Ya ce wa kansa iska ce ta shiga bututu. Mutum ne da ba ya yarda da abin da kwalba ba ta nuna ba.

Washegari da rana gidan lafiya lau. Amma rana na yin ja, tsakuwa ta dawo. Ta faɗa cikin tukunya, ta faɗa kan sallayarsa, ta faɗa cikin takalminsa. Bangon falo ya fara tsattsafo da danshi, in ya bushe ya bar farin gishiri. Auta ta daina cin abinci. Maraice na uku ya fasa zaman masallaci ya dawo da wuri, ya same ta durƙushe gaban tankin, ta manna goshinta a jikin bargon. Ruwa yana ɗiga daga gashinta, warin teku ya cika ɗakin.

"Auta."

Ta juyo. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

"Buɗe," ta ce, da muryar tsohuwa. Sai ta sulale ƙasa.

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka rufe fuskar matarsa. Ya kai ta asibitin da ya yi wa aiki, ya tsaya a kan tsofaffin yaransa na wurin aiki suka ɗebi jini, suka auna duk abin da ake aunawa. Komai ya fito daidai. Ya dawo da ita gida tana tafiya kamar mai barci, in magariba ta yi kuma ta koma gaban bargon tana magana da harshen da bai sani ba. Ya ga 'yarsa tana zamewa daga hannunsa yana kallo, sai ya kira ƙanwarsa, wadda yaran ke kira Gwaggo.

Gwaggo ta zo da jakarta da bakinta. Ta dubi Auta, ta dubi gishirin bango, ta dubi yayanta.

"Yaya, ka ɗauko teku sukutum ka ajiye a falo, ka zaci kifi kaɗai zai biyo ka? Kifayenka sun yi ƙiba, 'yarka ta zama tsinke. Bari in kira Malam."

Malam ya iso bayan la'asar. Dattijo ne siriri, marar hayaniya, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya zagaya falon, ya daɗe tsaye gaban bargon, sannan ya sa aka zaunar da Auta a tabarma, Gwaggo ta riƙe kafaɗunta. Ya fara karatu da murya mai taushi. Inuwa ta yi tsawo a tsakar gida, ta hau bango. Famfon tankin ya yi shiru da kansa. Can jikin Auta ya fara rawa, ta ja dogon numfashi, ta ɗago kai.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ban zo da faɗa ba."

"Wace ce ke, baiwar Allah?"

"Tsohuwa ce. A cikin babban dutsen nan nake, mai rami a gindi. A can aka haife ni, a can na binne nawa. Wata rana aka sa ƙarfe aka ɓalle dutsen, aka naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu. Da na farka sai na gan ni a akwatin gilashi, fitila a kaina, wani mutum yana leƙena safe da yamma."

Baban Kifi ya zauna a hannun kujera.

"Me yarinyar nan ta yi miki?" in ji Malam.

"Alheri. Shekara da shekaru ba wanda ya ce mini ci kanki. Shi wannan ruwa yake kallo, ba ya ganin kowa. Bayan uwarta ta tafi, sai yarinyar ta fara zuwa. In ya fita magariba, ta zauna a kujerarsa, ta buɗe gwangwanin abinci, tana barbaɗawa tana magana. Kifaye suna taruwa, ita kuma tana jin kamar ana sauraronta. In maganar ta yi tsawo, abincin ma ya yi yawa. Abin da kifi suka bari ya ruɓe a gindin dutsena, ciyawar nan ta tsiro, na samu labule. Ni ce nake sauraronta, Malam. Har ranar da na amsa."

Gwaggo ta fara salati a hankali. Baban Kifi ya dubi gwangwanin abincin da ke kan kanta. Ya sha mamakin saurin ƙarewarsa, ya ɗora laifin a kan kamfanin da ke cika shi.

"To me ya fito da ke?"

"Ya rufe ni a duhu, ya hana ta zuwa. Na yi jifa don a buɗe, ba a buɗe ba. Na ji tana kuka a ɗakinta ita kaɗai. Sai na zo wurinta."

"Jikinta ba gidanki ba ne. Kin san haramun ne, za ki fita."

"Zan fita in za ta bi ni. Teku da faɗi, ba za ta ƙara zama ita ɗaya ba."

Baban Kifi ya miƙe zumbur, Malam ya ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna. Malam ya ci gaba da karatu, wannan karon da ƙarfi, yana yayyafa ruwan gorar. Auta ta yi ta murƙususu, tsakuwa ta zubo daga sama kamar ana sheƙa tsaba.

"Na bari, na bari. To a mayar da ni dutsena, a ɗage bargon, ta riƙa zuwa kamar da."

"Babu sauran zama tsakaninku. Faɗi abin da zai yiwu."

Daga nesa aka fara kiran sallar magariba.

"A kai ni gida," in ji muryar, ta yi laushi ƙwarai. "Da dutsena, cikin ruwansa, kada ya bushe. Shi da ya saye ni, shi zai ɗauke ni da hannunsa."

Malam ya dubi Baban Kifi. A kan dutsen nan murjaninsa mafi tsufa yake, wanda ya rena tun yana ɗan tsiro.

"Zan kai ta," ya ce, tun kafin a tambaye shi.

Malam ya sa ta yi rantsuwa da Wanda ya halicce ta cewa ba za ta dawo ba, ta yi. Sannan idanun Auta suka juyo kan mahaifinta, suka tsaya.

"Ni na samu inda za ni. Ita fa, in magariba ta yi, wa za ta faɗa wa?"

Ƙafar Auta ta hagu ta miƙe, ɗan yatsan ya karkaɗa, jikinta ya saki a hannun Gwaggo. Famfon tankin ya tashi da kansa. Da ta buɗe ido ta dubi bargon, ta dubi Malam, ta ce, "Ta tafi?" Malam ya ce ta koma dutsenta, gobe za a kai ta gida. Auta ta juya fuska bango tana hawaye, kuma kowa a ɗakin ya gane ba na murna ba ne.

Da sassafe Baban Kifi ya kwance igiyar. Gansakukar ta yi fari, ta saki duwatsun, tana yawo a ruwa kamar tsohuwar auduga. Dabarar mai shago ta ci, amma ko kallo na biyu bai yi mata ba. Ya naɗe hannun riga, ya ciro babban dutsen da murjanin da ke kansa, ya sa a bokiti, ya cika da ruwan tankin. Auta ta ce za ta bi shi. Ta zauna a gaban mota, bokitin tsakanin ƙafafunta, tana dafe da murfin saboda gargada.

Teku ba kusa take ba, sai da rana ta karkata suka isa. Ya tuɓe takalmi, ya shiga ruwa har ƙugu da dutsen a ƙirjinsa, ya yi bisimilla ya ajiye shi a hankali tsakanin wasu duwatsu. Auta tana tsaye a bakin gaɓa, ta harɗe hannu. Ba ta ɗaga hannu ba.

A hanyar dawowa motar ta yi tsit, sai bokiti da ke gangarawa a baya. Wandonsa a jiƙe, gishiri yana cin ƙafarsa. Ya buɗe baki ya rufe ya fi a ƙirga. Sararin sama ya fara ja, ya ga ta soma murza yatsunta a kan cinya, kamar mai barbaɗa wani abu.

"Auta," ya ce, idonsa a kan titi. "Me kike faɗa mata?"

Ta daina murza yatsun.

"Ban san ta inda zan fara ba, Baba. Ita ba ta tambayata. Zama kawai take yi."

Ya rage gudu, ya gangara gefen titi inda babu gida babu shago, ya kashe motar. Ya sauke hannuwansa daga sitiyari ya ɗora a gwiwa. Bai dube ta ba, bai dubi agogo ba. Motoci suka yi ta wucewa, wasu sun fara kunna fitila. Shirun ya yi masa nauyi, zuciyarsa tana ce masa ya tada mota, amma ya zauna.

Can ta ja numfashi.

"Ranar da aka kwantar da Mama a asibiti, ta ba ni saƙo in faɗa maka. Na zo falo sau da yawa, in same ka kana awo."

Ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ta.

"Ga ni," ya ce.