Numfashin da Na Ƙi Ji

"Ya shigo gidan nan da ƙafafunsa, ba sanda, ba mai riƙe shi. Daga bakin ƙofar can zuwa kujerar nan da nake zaune."

Yayana ne ya kafa wannan sharaɗin a kan wanda zan aura, yana nuna tsakar falo da makullin motarsa.

"Yaya... mutumin da aka yi wa aiki a ƙashin baya wata biyu da suka wuce?"

"Na ba shi wata uku. Ai ke malamar miƙe-miƙe ce, sai ki miƙar da shi."

Abokinsa mai kantin magani yana gefe yana latsa waya, kamar ba shi ya kitsa zancen ba. Shekara biyu yana aiko mini da turare ina mayar masa.

"Ba ƙiyayya ba ce, ƙanwata," in ji abokin. "Tausayinki ake ji. Mace da ƙuruciyarta ta ƙare a jinya..."

"Ba da kai nake ba."

"Da ni kike, kuma na gama magana," Yaya ya katse ni. "Tun da Baba ya rasu amanarki a wuyana take. Ba zan ba da ke ga wanda za ki riƙa ɗagawa kina kwantarwa ba."

Na dubi ƙofar, na dubi kujerar. Idona ya auna tun kafin zuciyata ta yarda. Taku goma sha ɗaya ne.

Yoga nake koyarwa, motsa jiki da sarrafa numfashi, a wani ɗaki da ke saman shagon ɗinki. Da safe mata ishirin ne a gabana, kowa na haki, ban san na wa nake ji ba. Da yamma nake karɓar mutum ɗaya ɗaya, kuma nan aikin gaske yake. Ina ɗora tafin hannuna a tsakanin kafaɗun ɗaliba, bakinta yana ce mini lafiya lau, naman bayanta yana rawa a ƙarƙashin hannuna. Shi nake saurare, ba bakin ba.

Kafintana kuwa ta wannan ɗakin ya shigo rayuwata. Ya zo gyara mini taga, ya yi kwana tara yana gyaran da ba ya wuce wuni guda. Ana dab da sa ranar aurenmu ya faɗo daga rufin wani gida.

Likita ya yarda in riƙa yi masa darasi a gida, amma ya ja mini kunne.

"A hankali. Inda ciwo ya fara, nan za ku tsaya. Shekara guda nake so kafin ya saki sanda."

Na ce to. Ban gaya masa zancen wata uku ba.

A ɗakin mahaifiyarsa muke yi. Na shimfiɗa masa tabarmar roba tsakanin gado da kabad, ni ina zaune nesa da shi taku guda, Mama a bakin ƙofa tana ninke wanki. Tun ranar farko ta gindaya nata sharaɗin.

"Ba a ɗaura ba tukuna, 'yata. Hannunki a cinyarki."

Ni ma ba zan taɓa shi ba ko ba ta faɗa ba. Amma hakan ya raba ni da rabin aikina. Kunne kawai ya rage mini.

"Ja numfashi... ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sake shi a hankali."

"Malamata, in na ja ƙamshinki ne yake shiga."

"Mama fa tana ji."

"Mama ta kurumce tun da kuka fara," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Ranar ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin ya faɗi.

Makonnin farko sun yi albarka, ba zan ci amanar aikin ba. Mutumin da ba ya iya juyawa a kan gado sai an taimake shi ya fara juyawa da kansa, ya zauna, ya miƙe da sanda biyu. Ya fara gane abubuwan da shekara talatin yana tare da su bai sani ba.

"Zuciyata, kin san ashe cije haƙori nake yi duk lokacin da na ji tsoro?"

"Na daɗe da sani. Ranar da ka fara ce mini kana sona sai da na ji tausayin muƙamuƙinka."

"Kuma ashe duk nauyina a ƙafar hagu nake ɗorawa. Tsani ne ya koya mini."

Dariya ce a bakina, amma kwanaki nake ƙirgawa a zuci. A mako na uku na kasa riƙewa, na gaya masa abin da Yaya ya ce.

Ya daɗe yana kallon silin.

"Taku nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

"Don goma sha ɗaya kawai za a hana ni ke?" Ya yi murmushi. "Ƙara mini aiki, Malamata."

Na ƙara. Abin da ya kamata mu yi a wata na shida na jawo shi wata na biyu. Na koya masa dogon numfashi mai santsi, irin wanda ke kwantar da jiki ya rage zafin ciwo, kuma ban taɓa samun ɗalibin da ya kama shi da wuri kamarsa ba.

"Akwai ciwo?"

"Babu."

"Ka tabbata, abin ƙaunata?"

"Ki saurara da kanki mana."

Numfashin yana shiga yana fita sumul. Na ci gaba da ƙirga masa da ƙarfi, yana tsaye a jikin bango, sandunan suna jingine a gefe.

"Yaron nan gumi yake yi da yawa," Mama ta ce wata rana.

"Alamar jiki na aiki ce, Mama."

Ranar da wa'adin ya cika, da yamma aka kawo shi a mota. Yaya yana kan kujerarsa, abokin nasa yana tsaye a bayansa, ni ina jikin labule. Kafintana ya miƙa wa direba sandunan a bakin ƙofa. Ya sa farar riga, ya yi aski, ya dube ni sau ɗaya.

Ya ɗaga ƙafa.

Ɗaya... biyu... uku.

Ina jin numfashinsa daga inda nake, dogo, mai santsi, yadda na koya masa.

Shida... bakwai.

A na takwas ƙafafun suka tafi daga ƙarƙashinsa. Bai yi ƙara ba. Ya zube a kan tayil, rigar ta manne da bayansa sharkaf, kuma ko a ƙasan bai daina jan numfashin nan ba.

"Malamata," ya ce a hankali da na durƙusa a kansa, "ba na jin ƙafafuna."

Ranar na fara taɓa shi. Na sa hannu a bayansa, na ji naman wurin ya ɗaure tamau kamar katako. Irin wannan ɗaurewar ba ta kwana ɗaya ba ce.

A asibiti likita ya fito ya tsaya a gabanmu, fuskarsa ba annuri.

"Ƙarfen da muka sa masa ya goce, ya danne lakar bayansa. Ya daɗe yana gocewa kaɗan kaɗan. Ciwon da yake sha makonnin nan, ban san yadda ya yi ya haɗiye shi ba." Ya juyo gare ni. "Wa ya ce ya saki sanda?"

Na sunkuyar da kai.

Washegari Kafintana ya amsa masa da kansa, yana kwance, idonsa a kaina.

"Ni ne, Likita. Kullum sai ta tambaye ni, ni nake ɓoye mata. Kada kowa ya ga laifinta."

Bayan aiki na biyu aka gaya mana gaskiya. Ba a sa ran zai sake takawa.

Abokin Yaya ya ɗauke ƙafa daga gidanmu, ko jaje bai zo ba. Yaya kuwa ya rame a tsaye. Wata safiya ya same ni a kicin, ya daɗe yana juya kofi a hannunsa.

"Na janye maganata. Ni na jefa shi a wannan halin. In har yanzu kina sonsa, a sa rana."

Abin da na yi wata biyar ina roƙon Allah ke nan. Na saurari zuciyata ko za ta yi tsalle, shiru.

Na kasa koyarwa. In na ce wa ɗaliba ta ja numfashi, nawa ne yake sarƙewa. Daga ƙarshe na rufe ɗakin na tafi wurin tsohuwar da ta koya mini aikin, mace mai furfura da ƙarancin magana. Ta dube ni sau ɗaya ta nuna mini tabarma.

"Kwanta. Yau ke ce ɗaliba."

Mu biyu ne kawai a ɗakin. Ta ɗora hannunta a ƙirjina, ta ce in ba ta labarin tun daga farko, kada in yi sauri. Na ba ta na Yaya, na ba ta na likita, na ba ta na darussan. Ina cewa, "Kullum ina tambayarsa, yana ce mini babu ciwo," sai ta danna hannun kaɗan.

"Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

"Sau biyu ke nan numfashinki yana tsayawa a wuri guda. Me ke wurin, 'yata?"

"Ba komai, Malama."

"To mu zauna a kan ba komai ɗin. Ba inda za ni."

Ƙarar fanka kawai ake ji. Na bi numfashina ƙasa yadda nake sa wasu su bi nasu, har na iso inda yake maƙalewa. A can na tarar da abin da na binne.

Mako na huɗu ne. Kafintana yana tsaye a jikin bango, yana sakin numfashi, can a ƙarshensa na ji wata 'yar sarƙewa, ƙarama ƙwarai, wadda ba mai jin ta sai wanda aikinsa ke nan. Na ji ta. Washegari ma na ji. Maimakon in ce ya zauna, sai na ɗaga muryata ina ƙirgawa don ta rufe ta.

"Na ji, Malama..." Kuka ya ƙwace mini. "Wallahi na ji."

"Me ya hana ki tsayar da shi?"

"Yaya ya ce..."

"Hannuna yana ƙirjinki fa."

Na rufe ido. "Tsoro nake ji. Ni ma ba na son mijin da zan riƙa turawa a keken guragu. Yaya ya faɗa da baki ne kawai, ni kuma na fake a bayansa."

Ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma zage ni ba. Ta bar hannunta a wurin har kukan ya lafa.

"Yanzu kin sani," ta ce. "Abin da za ki yi da shi ba na cikin darasina."

Kwana uku ina kai da kawo. Da na yi shiru, da an sa rana, da ya ci gaba da kallona da idon nan na wanda yake ganin ya cuce ni. Ina sonsa, son da ban taɓa yi wa kowa ba, kuma a kwanakin nan na tabbatar zan iya tura keken nan har in tsufa. Amma ba zan iya kwana da tashi da mutumin da yake neman gafarata a kan laifina ba.

Na same shi a ɗakin Mama, a kan keken, an juya shi yana fuskantar taga. Ya juyo da keken, fuskarsa ta washe da ya gan ni.

"Zuciyata. Na ji abin da Yaya ya ce. Ni dai ban san da wane ido zan dube ki ba, bayan ƙaryar da na yi ta yi miki..."

"Ba ka yi mini ƙarya ba. Ka gwada, ba ta shige ni ba."

"Ban gane ba."

Na durƙusa a gabansa. "Tun mako na huɗu nake jin ciwon a numfashinka. Kullum ina ji. Na ƙi tsayar da kai ne."

Mama ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Kin ji?" Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Na ji."

"Ranar da na riƙe bango har farcena ya karye?"

"Na ji."

"Saboda Yaya?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da kansa, in na ce e shi ke nan. Na girgiza kai.

"Saboda ni. A tsaye nake son ka, na ji tsoron zama da kai a haka. Amma yanzu ba na tsoro, wallahi ba na..."

"Kullum in kin tafi sai in ciji filo in yi kuka," ya ce, ba ni yake kallo ba. "In ce ba komai, ita ba ta sani ba, da ta sani da ta hana ni. Da wannan nake samun barci."

"Ka yafe mini, abin ƙaunata."

"Zan yafe. Ba yau ba, amma zan yafe." Ya ɗora hannuwansa a kan gwiwoyin da ba sa jin sa. "Aure ne ba zan iya ba. Duk ranar da kika ɗaga ni, zan riƙa tambayar kaina me kike ji kina ɓoyewa. Mama, ki raka ta."

Na kira shi sau biyu. Ya kama tayar keken da kansa ya sake juyawa wajen taga.

Mama ta biyo ni har bakin ƙofa, idonta jajir. Ta tura mini takalmina da ƙafarta, ta daɗe tana kallona. Ba ƙiyayya na gani a fuskarta ba, gajiya ce.

"Da kin yi shiru, 'yata. Da kin yi shiru kin aure shi."

"Wata biyu na yi ina shiru, Mama. Ga shi can a kan keke."

Ta jira na sa takalmin, sannan ta mayar da ƙofar a hankali.