Bindigar da ToVarpin Ya Tono

Rana ta faɗa bayan duwatsun Rabaul, IaMadit tana kankare kwakwa a bakin murhu, sai dutse ya sauka a kan rufin ɗaki. Ta ɗaga kai. Babu iska, babu kowa. Na biyu ya faɗa cikin tukunyar gwaza, ruwan zafi ya fantsamo mata a ƙafa. Karen gidan ya shige ƙarƙashin rumfa, ko haushi bai yi ba.

A ranar ne mijinta ToVarpin ya dawo daga gona da wata 'yar bindigar hannu, wadda ya tono a bakin kogon da sojojin Japan suka haƙa lokacin yaƙi. A naɗe take cikin tsumma mai maiƙo, tsatsa ba ta gama cin ta ba.

"Maigida, ka mayar da abin nan inda ka samo shi."

"Ƙarfe kike tsoro? Masu shi ai sun zama taki."

Jifa bai tsaya ba. Kullum magariba ta yi sai ya fara. Daga baya 'yarsu IaTinai ta daina cin abinci. Sai ta miƙe ƙiƙam ta fuskanci teku, ta rusuna, tana magana da muryar namiji. IaMadit ta san wannan harshe, na sojojin Japan ne. Tana ƙarama ta sha jin sa, lokacin da ake kora su ɗaukar ƙasa daga kogo.

Ita ta je da kanta ta kira ToBurua, tsohon da ya san sirrin abin da ido ba ya gani. Ya zauna gaban yarinyar, ya tauna citta ya fesa mata, ya shafa mata farar ƙasa a goshi.

"Wane ne kai?"

Sai muryar ta fito da harshen mutanen garin, a karkace.

"Kuwabara. Sanyi nake ji. Ku bar mini yarinyar."

"Yarinya tana da masu ita."

"To ku ba ni wanda ya tono ni."

ToVarpin ya durƙushe.

"Shi ma ba ka samu," in ji tsoho. "Faɗi abin da ya hana ka kwanciya."

Hawaye suka zubo daga idon IaTinai, amma fuskarta ba ta motsa ba.

"Ban ja kunamar bindigar ba. Goge ta nake yi, na danni gefenta, ta tashi da kanta. Suka ce tsoro ne ya sa na kashe kaina. Haka aka gaya wa uwata. Ku je ku faɗa mata, sai in tafi."

ToBurua ya sunkuyar da kai. Ƙasar tana da nisa, tsohuwar kuwa wa ya san ko tana raye?

IaMadit ta matso. Ta tsani mutanen nan tun tana yarinya, duk da haka ta kama hannun 'yarta ta riƙe.

"Ɗan nan, ni ma uwa ce. Na ji. Ba kai ka yi ba."

Yarinyar ta ja dogon numfashi ta sulale a cinyarta.

Da safe ToVarpin ya tuƙa kwalekwale har inda ruwa ya yi baƙi, ya saki bindigar. IaTinai ta tashi tana neman ayaba, ba ta tuna komai. IaMadit ce ta koma bayan ɗaki, inda babu mai ganinta, ta yi kuka saboda wata tsohuwa da ba ta ma san sunanta ba.