Sawun Takalmi a Dutsen Shaho

Ƙarfe sha ɗaya da rabi na safiyar Lahadi wani mutum ya shigo komisariyar 'yan sandan Filinge yana haki, rigarsa sharkaf da gumi. Ya ce sunansa Abdulgafar Nasara, malamin motsa jiki, wato "Mushe" kamar yadda ake kiran malaman boko a garin, kuma shi ne shugaban wata ƙaramar ƙungiya da ke hawan duwatsun gabashin gari duk mako.

"Mutum guda ya hwaɗo daga Dutsen Shaho," in ji shi. "Mushe Tahiru, malamin lissafi. Ya rasu. Tsohuwag ga da ka yi muna jagora ita ta tura shi gaba shi kaɗai."

Insifekta Nafi'u Ɗandije ya ajiye kofin shayinsa ya ɗauki hularsa.

"Kai kana ina lokacin?"

"Gwiwata ta matsa mini tun wurin hutawa, sai na juyo ƙasa. Ina gindin dutse na gan shi kwance."

Mota ta kai su iyakar gonakin hatsi, daga nan suka taka. Dutsen ya miƙe sama ja wur kamar katangar da aka yanka da wuƙa, shaho biyu suna kewaya ƙoƙuwarsa. Gawar tana tsakanin manyan duwatsu, an lulluɓe ta da zane. Kusa da ita wata tsohuwa ce zaune, siririya, ƙafafunta a tsattsage, tana kore ƙudaje da reshe. Ita ce Tambara, wadda ta shekara arba'in tana hawa dutsen nan neman saiwoyin magani.

Insifekta ya ɗaga zanen. Tahiru ba takalmi a ƙafarsa. An ɗaure igiyoyin takalman an rataya su a wuyansa. A kafaɗar dama ta farar rigarsa kuwa akwai shaidar jar ƙasa, layi-layi, kamar haƙoran zarto. Insifekta ya ɗauki hotonta da salularsa.

Kafin azahar 'yan'uwan mamacin sun cika ƙofar komisariya suna neman a ba su tsohuwar. Dole aka shigar da ita ciki aka rufe.

Insifekta ya fara da Samiratu, ma'aikaciyar jinya, wadda ita ce ta huɗu a tafiyar.

"Madam, wa da wa sunka wuce wurin hutawa?"

"Ban gani ba. Jiri ya kwashe ni, na kwanta ƙarƙashin wani dutse. Inna Tambara ta tsaya tana shafa mini ruwa."

"Kin ji ta ce wa Tahiru shi wuce?"

Samiratu ta sunkuyar da kai. "Mushe Abdulgafar ya ce haka anka yi."

"Ban tambaye ki abin da ya ce ba. Mi kinka ji da kunnenki?"

"Na ji ta ce su jira. Sau biyu ta hwaɗi."

"Su jira? Su nawa?"

"Su biyu," ta ce a hankali. "Amma ban ga tahiyarsu ba, wallahi."

Da aka kawo Tambara, ta ƙi kujera, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Inna, an ce ke kinka tura shi."

"Ɗana, ni ban iya maganar biro irin taku ta ma'aikata ba. In kana son ka san abin da ya faru, dutse na can. Gobe da sassafe ka zo mu hau, kahin iska ta share."

Washegari, rana na fitowa, suka kama hanya su biyu. Insifekta yana da shekara talatin da takwas, yana kuma buga ƙwallo duk Asabar, amma kafin su yi rabi numfashinsa ya fara sarƙewa. Tsohuwar tana gaba, zanenta ɗaure a gwiwa, ba ta ko waiwaye. Ta san dutsen da zai riƙe mutum da wanda zai gangara da shi. Wani wurin sai ta taɓa da yatsa ta ce, "Nan ka sa ƙahwa, kada can." In ya tsaya shan iska, sai ta yi kamar tana duba wani ganye, don kada ya ji kunya.

A wurin hutawa ya juya ya dubi ƙasa. Filinge gaba ɗaya ta koma kamar tafin hannu, ga kwarin dallol ya miƙe kore shar da itatuwan gawo, ga garken shanu kamar tururuwa a kan hanyar Baleyara. Ya daɗe yana kallo. Shekararsa shida a garin nan bai taɓa sanin haka yake ba.

Gaba kaɗan hanya ta tsuke ta zama wani siririn gefe, faɗinsa bai fi kamu biyu ba, dutse a hagu, rami a dama.

"Tuɓe takalminka," in ji Tambara. "Nan ba a ƙetarewa da takalmi. Tahin ƙahwa shi ka jin dutse. Duk wanda na hau da shi ya san wagga doka."

Ya tuɓe, ya rataya a wuya. Ta durƙusa ta nuna masa ƙasar da ke kwance a gefen.

"Wanga sawun Tahiru na, ƙahwa tsirara. Ka gani, ya ƙetare lahiya lau har can. Ga shi kuma ya komo, da sauri, yatsu kaɗai ka taɓa ƙasa. Mutumin da ya tsira, mi za ya maido shi da gudu?"

Ta matsa taku uku. A nan ƙasar ta kwarzane, dogayen layuka biyu sun gangara zuwa bakin ramin, a farkonsu kuma ga sawun takalmi mai haƙoran zarto.

Insifekta ya kwanta rub da ciki ya leƙa. Ƙasa da su kaɗan akwai wani ɗan tudu da ƙyar zai ɗauki mutum biyu. Daga saiwar wata bishiyar anza da ta fito ta tsagar dutse, wani shuɗin rawani yana lilo, an ƙulla shi ƙulli uku.

"Rawanin Tahiru na," Tambara ta ce. "Ni na koya mishi wanga ƙulli."

Ta sauka da hannu ɗaya ta kwance shi ta hawo, Insifekta yana riƙe da numfashi har ta dafa gefen.

Da la'asar ya aika aka kira Abdulgafar. Ya zo cikin shadda, da silifa a ƙafa.

"Mushe, yaya gwiwa?"

"Da sauƙi, Insifekta."

"Ka ce ba ka wuce wurin hutawa ba."

"Ko taku guda."

"Buɗe hannuwanka."

Abdulgafar ya yi jinkiri, sannan ya buɗe. Tafukan duka biyu sun saɓule, an shafa musu jan magani.

"Na zame wurin sauka," ya ce.

"Ina takalman da ka hau da su jiya?"

"Sun tsuhwa, na yar."

Insifekta ya buɗe ƙofa ya yi magana, wani ɗan sanda ya shigo da leda. A ciki akwai takalman hawa, an wanke su, ko bushewa ba su gama yi ba.

"Kan katangar gidanka munka same su suna shan rana." Ya kifa ɗaya a kan tebur, ya ajiye salularsa kusa da shi da hoton rigar. "Dubi haƙoran. Dubi inda guda ya karye. Mi ya kai takalminka kahwaɗar Tahiru?"

Insifekta ya ciro shuɗin rawanin ya shimfiɗa a gabansa. Sai mutumin ya rufe fuska da tafukansa.

"Ni na ce mu wuce," ya ce. "Na ce ba za mu zauna jiran tsohuwa ba kamar yara 'yan makarantar lakkol. Shi ya tuɓe takalmi, ni na yi mishi dariya. Ina tsakiya na zame. Na hwaɗa kan tudun nan, na kasa hawowa. Ya komo, ya ɗaura rawaninai, ya sauko inda nike. Ya duƙa ya ce in taka kahwaɗatai in kama rawanin."

"Sai mi?"

"Tsoro ya kama ni. Na yunƙura da ƙarhi, na tokare shi. Na ji ya tahi."

"Ka yi kururuwa? Ka kira Inna Tambara, tana kusa?"

"A'a."

"Lokotoron asibiti da ya duba gawar ya ce bai mutu nan take ba. Ya yi kusan awa guda da rai."

Abdulgafar ya fashe da kuka. "Na bi ta bayan dutse na sauka. Na zauna nesa ina kallo, ban iya matsawa ba. Ni ka koya wa yara motsa jiki, Insifekta. In gari ya ji ni na zame, kuma wanda ya cece ni na tura..."

"Sai ka ga gara a kama tsohuwa."

Insifekta ya karanta masa laifuffukansa: sanadin mutuwa, ƙin taimakon wanda ke cikin haɗari, da ƙazafi. Aka sa masa ankwa, aka fita da shi ta ƙofar baya zuwa mota.

Insifekta ya fita da kansa ya gaya wa 'yan'uwan Tahiru yadda ɗan'uwansu ya mutu, da abin da ya koma yi a kan dutsen. Wani dattijo cikinsu ya cire hularsa ya riƙe, ya tambaya ko za a bar su su nemi gafarar tsohuwar.

Tambara ta fito tana gyara ɗankwalinta. Ta saurare su, ta ce ba komi. Sannan ta dubi Insifekta.

"Ɗana, uwar Tahiru na da rai?"

"Tana nan, Inna, can bayan kasuwa. Bari in sa a kai ki da mota."

"Bar motarka. Shekara ukku yaron nan na bin bayana, bai taɓa taka inda na hana ba sai jiya, kuma wurin ceton rai ya mutu. Ya kamata uwatai ta ji haka daga bakina."

Ta ɗauki sandarta ta nufi bayan kasuwa, mutanen suka buɗe mata hanya.