Ranar da Jalaluddeen Ya Ƙi Miƙa Ƙwallo

A shekarun nan jirgin ruwan Yelwa zuwa Wara ba ya tashi sai ya cika, mutane kuma ba su daina kallon fuskar juna ba tukuna. A cikinsa Jalaluddeen ya fara ganin Yasira, bayan gwiwarsa ta ture mata kwandon kifi.

"Malam, ƙafafun nan duka naka ne, ko saƙo aka ba ka?" ta ce.

Ɗan ƙwallon kwando ne, wata ƙungiya a Abuja yake yi wa wasa, hutu ya kawo shi gida. Kafin su sauka ta raɗa masa suna Giginya, shi kuma ya samu lambarta.

Aikinsa a fili ba mai jawo tafi ba ne. Shi ke tare abokin hamayya, ya kwaso ƙwallo, ya miƙa wa mai jefawa. Wata rana ya rubuto mata: "Yasirata, yau mun ci. Sau ɗaya na jefa, amma kusan duk wadda ta shiga ta hannuna ta bi. Mu biyar ne, na ƙarshe kawai ake gani."

Ta mayar: "Su ga abinsu. Ni na tsakiyan nake so."

Mahaifinta, Malam Haliru, masunci ne a Wara. Aka nuna masa wasan a waya, ya kalla har ƙarshe.

"Wanga shi na? An ba shi abu ga hannu ya miƙa ma wani, an sake ba shi ya sake miƙawa. Mutumin da ba ya riƙon abu zan ba ɗiyata?"

Ga kuma Kabiru mai jiragen inji, wanda ya fara aiko da gaisuwa, kuma kowa ya shaida ba ya sakin abin da ya shiga hannunsa.

Yasira ta kwashe maganar ta faɗa wa Jalaluddeen tana kuka. Ya ce ta sa Baba ya kalli wasan ƙarshe na kakar.

Ranar bai miƙa wa kowa ba. Ya jefa daga kusa, ya jefa daga nesa, ya jefa mutum uku na rataye da shi. Bai taɓa cin maki irin na ranar ba, ƙungiyarsa kuma ba ta taɓa shan kashi irin wannan ba. Koci ya zaunar da shi tun kafin a tashi.

Saƙonta ya shigo: "Giginya, ban gane ka ba yau. Wanda na gani a wayar nan, Kabiru ma ya fi shi."

Sunan Kabiru kawai ya gani. Ya kashe waya, ya dawo Yelwa ya kulle kansa a ɗaki, har sai da Malam Haliru ya aiko kiransa. Ya same shi a bakin ruwa yana ɗinkin koma, ragarsa ta kamun kifi.

"Samari, ran nan ka jefa da yawa."

"Na jefa, Baba."

"Kuka sha kashi."

"Mun sha."

"Na ga yaran nan huɗu suna ta ɗaga hannu kamar marayu, babu mai ba su. Ashe kai ka ciyad da su." Ya ja zare ya ɗaure. "Matata Tabawa ta ce laifina na. Uwar ɗiya ba ta rasa abin cewa, amma wanga karo ta dace. Turo magabatanka. In ka sake wasa don wani tsoho ya gani, da kaina zan amshe abata."

Yasira na tsaye a bayan wani kwalekwale da aka kifa.

"Ka kashe mini waya."

"Kin ce Kabiru ya fi ni."

"Ya fi wancan. Wancan ai ban san shi ba, kada ka sake kawo mini shi."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Wara. Abokan wasansa huɗu suka zo, duk da ya jawo musu asarar kofin kakar. Da yamma amarya ta tambaye su daga cikin lulluɓi, "Kun yafe masa?"

Babbansu ya dubi farantin da ke gaban ango. "Amarya, sai mun ga ya miƙo naman nan."

Ya miƙa.

Allah ya bar su tare har tsufa, ya sa kada ɗayansu ya daɗe shi kaɗai.