Kwamfutar da Hussaina Ta Koya wa Magana

Ranar da Hafizu ya fara ganin Hussaina, tsaye ya tarar da ita a gaban makunnin wuta, ta ware hannuwa tana hana mai kamfani kashe kwamfutarsa.

Shekarar ce gwamnati ta tattaro daga Legas ta dawo Abuja, kamfanonin safiyo suka biyo ta a guje, don kowane titi sai an auna kafin a fasa. Hafizu safiyo ne, ɗan Zariya, ya shigo ofis da littafin awo a hammata, wandonsa duk ƙarangiya. Ita kuwa 'yar Kuje ce da ta karanta lissafi, watanta biyu da kama aiki.

“Oga Dominic, ba ta mutu ba, aiki take yi,” in ji ta.

“Awa uku screen baƙi, you call it aiki? Matsa in kashe.”

“In ka kashe daga farko za mu koma. Ba zan matsa ba.”

Ba ta matsa ɗin ba. Bayan minti ashirin firinta ta fara ƙara, amsa ta fito. Hafizu ya manta abin da ya kawo shi, ya tsaya yana kallon 'yar siririyar yarinyar nan, zuciyarsa ta riga ta tafi.

Awon da su Hafizu ke kawowa daga daji dubbai ne. Sai an zuba su a wani kundin shirye-shiryen lissafi da kamfanin ya sayo daga waje, ya yi ta zagayawa yana rage kuskure har lambobin su daidaita. To amma kundin nan miskili ne, ba ya cewa uffan sai ya gama. Hussaina ta ce ita ba ta zama da miskili. Sati biyu tana tonon cikinsa har ta gano inda kowane zagaye ke ƙarewa, ta dasa layukanta a wurin. Daga nan duk zagaye goma sai allo ya rubuta: “Zagaye na 10, sauran kuskure 8.4.” Lambar ta yi ta sauka, Oga na kallo yana kurɓar shayi kamar shi ya yi aikin.

Hafizu kuwa ya mai da littafin awo gidan waya. A cikinsa ta tsinci takarda ta farko:

“'Yar lissafi, na ga wata ɗorawa a hanyar Kuje, inuwarta ta mutum biyu ce. Ni kaɗai na zauna, abin bai yi daɗi ba.”

Ta mayar masa:

“Ɗan daji, ka fara wanke wandon nan tukuna. Maganar inuwa kuma sai ka tambayi mai gonar, babana ne.”

Bai kai ga tambayar ba aka ba su awon sabon titi, aka kafa turken siminti a tsakiyar gonar doyar Baba Yamusa, mahaifin Hussaina. Lukmanu, babban ma'aikacin kwamfuta na ofis, wanda ya daɗe yana kai mata gaisuwa tana kau da kai, shi ya yi tattaki da motarsa har Kuje ya faɗa wa tsohon cewa Hafizu, mai neman 'yarsa, shi ya kafa turken.

“Wannan da ya sa dutse cikin doyana?” Baba Yamusa ya ce wa 'yarsa. “Ba zan ba shi yarinya ba. Ya je ya auri titi.”

“Baba, ko ka hana ni shi, ba zan ɗauki wani ba. Ka dai sani.”

A satin aka zuba awon titin a kwamfuta. Lamba ta sauko har 6.1 ta cije. Zagaye na 50, 6.1. Zagaye na 200, tana nan daram.

“Oga, a cire layukan nan,” in ji Lukmanu. “A da in kundin ya ƙure zagayensa amsa kawai yake bugawa, kowa ya kama gabansa.”

“Friday za mu miƙa zane,” Oga Dominic ya ce. “Hussaina, remove it.”

“Ba zan cire ba. Kwamfuta ta ce akwai kuskure, to akwai shi. In kana son allon da zai yi maka ƙarya, ka nemi mai rubuta maka.”

Ta yini tana bin lambobi ɗaya bayan ɗaya har ta kamo awon da ya ƙi jituwa da sauran. Na turken gonar babanta ne, da rubutun Hafizu. Duk da haka ta nuna masa.

Fuskarsa ta canza. “Gonar babanki kike son ceta da sunana?”

“Da ceto nake nema, da na san hanya mafi sauƙi. Lambarka ce, Hafizu.”

Ya fice. Kwana biyu littafin awo na zuwa babu komai a ciki, ita kuma ta yi kukanta a ɓoye ta ƙi janye maganar. A rana ta uku takarda ta zo:

“Zuciyata, na koma na sake awo ni kaɗai. Kan tsohon turke na ɗora na'ura, ba kan namu ba. Ke ce da gaskiya, kuma kunyar abin da na faɗa miki ta fi ta kuskuren. Gobe zan gaya wa Oga da bakina.”

Ya kuwa faɗa, a gaban kowa. Oga Dominic ya sallame shi nan take, amma bai yi gangancin miƙa zanen ba. Aka zuba sabon awo, ofis duka suka taru a bayan Hussaina suna kallon lamba tana gangarowa har 0.02. Titin ya matsa mita talatin, kunya uku kacal zai ci a gefen gonar.

Hafizu ya ari diga ya tone turken da kansa, ya ɗauko shi a kafaɗa har ƙofar gidan Baba Yamusa, ya durƙusa.

“Baba, ni na kafa shi bisa kuskure, ni na cire. Amma ba zan ɓoye maka ba, titin zai ci kunya uku ta gabas.”

“An ce sun kore ka.”

“Sun kore ni.”

“Wa ya kama ka?”

“'Yarka.”

Tsohon ya ce: “Ta kama ka, ta sa ka rasa aiki, kuma har yanzu kana so?”

“Yanzu ma na fi so, Baba.”

Hussaina na bayan zana tana ji, hawaye na zuba tana murmushi. Baba Yamusa ya tashi ya kama hannun Hafizu ya miƙar da shi.

“Masu awo da yawa sun zo nan, ba wanda ya taɓa dawowa ya ce na yi kuskure. Ka turo manyanka.”

Bayan haƙar doya aka ɗaura aure a Kuje, Zazzagawa mota biyu, dangin amarya kuwa ba su ƙirguwa. Ango bai samu sabon aiki ba tukuna, wasu suka yi ta ƙus-ƙus a kan haka. Baba Yamusa ya ji su, ya miƙe a tsakiyar taro ya ce:

“Ni na ba shi, da idona biyu. Kunya uku na ba gwamnati, yarinyana na ba mai gaskiya. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu taurin kai irin na uwarsu.”

Taro ya amsa da amin, ta Hafizu ta fi ta kowa ƙarfi.