Ludayin Malami a Shekarar Fari

A shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Kalilu ya fara ganin Ruƙayyatu a kasuwar Isa. Tana zaune gaban kwalaben tsimin ɗoɗɗoya na mahaifinta Malami, wanda duk garinsu Turba ya sani da maganin ciwon ciki. Shi kuwa ɗalibin haɗa magunguna ne, ɗan Sabon Birni. Ya ɗauki kwalba ɗaya, ya tsaya yana jero tambayoyin da ko shi ya san ba na ilimi ba ne.

Soyayyarsu na da wata uku wata mata mai suna Saude ta sha tsimin ta kwanta, idanunta suka yi ɗorawa. Bawa mai tallar ƙwayoyi, wanda ya daɗe yana son Ruƙayyatu, ya baza cewa guba Malami yake bai wa mutane. Ƙofar gidan Malami ta zama ba kowa.

Kalilu ya nemi izinin gwada tsimin a kan ɓeraye a makarantarsu a Sakkwato. Malami ya haɗe rai.

"Shekara talatin ina ba mutane magani, yau ɓera za shi ba da shaida a kaina? Kar in ƙara ganinka ƙofar gidana."

Bayan kwana biyu saƙonta ya shigo wayarsa: "Ɗan Sabon Birnina, na ba direba kwalba biyu, ta bara da ta bana. Don Allah ka wanke man Baba."

Sati huɗu tana jira kafin amsa ta zo: "Ruƙayyata, ɓerayen da sunka sha na bara lafiyarsu lau. Masu shan na bana sun daina ci, hantarsu ta kumbura. Ina sonki, amma ba ni iya rubuta abin da ban gani ba."

Ta yi kuka sosai, ta ƙi amsa kiransa. A rana ta uku, tana dawowa daga rijiya da rabin tulu, abin ya faɗo mata. Tun da rijiyoyi suka ƙafe, Baba kwandon ganyen da ya saba yake dafawa a rabin ruwa, kuma ludayin da yake auna wa mutane bai canza ba. Nan take ta kira Kalilu.

Washegari ya iso Turba, ya durƙusa gaban Malami.

"Baba, ganyenka ba shi da laifi. Ruwan ne yay yi kaɗan, tsimin yay yi ƙarfi. Ludayi ɗaya na bana ya kai biyu na bara."

Tsohon ya daɗe yana kallon ludayin. Sannan ya ajiye shi, ya dubi Kalilu.

"Da ka rufa mani asiri da ƙarya, da na ba ka ita da murna, in ci gaba da ba mutane abin da na ba Saude."

Ya tashi ya zubar da kwalaben bana kaf, ya taka har gidan Saude ya nemi gafara a gaban mijinta. Da ya dawo ya ce wa Kalilu, "Turo magabatanka. Kuma ka taho man da kofin awon nan naku."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura auren. Malami ya dafa kan ɗiyarsa ya ce, "Allah shi ba ku zaman lafiya, shi ba mu ruwa." Saude, wadda ta miƙe da ƙafarta, ita ta fara rangaɗa guɗa.